Daga Biliyan 49.8 Zuwa Biliyan 1.48: Nazarin Rikicin Kuɗin Mai na 2013 Zuwa 2015

Ranar 25 ga Satumba, 2013, Gwamnan Babban Bankin Najeriya na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya rubuta wa Shugaba Goodluck Jonathan wasiƙa. Abin da ke cikinta lissafi ne tsagwaronsa. Ya ce daga Janairun 2012 zuwa Yulin 2013, watanni 19 ke nan, kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya yi lodin ɗanyen mai na kusan dala biliyan 65.3, amma abin da ya shigo Asusun Tarayya, asusun da tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi ke rabawa, bai wuce dala biliyan 15.5 ba. Saura dala biliyan 49.8, wato kusan kashi 76 cikin ɗari, ba a gan su ba. Wasiƙar ta sirri ce tsakanin ofisoshi biyu, kuma sai a watan Disamba ta faɗa hannun 'yan jarida.

Abin da ya biyo baya kowa na iya tunawa da hayaniyarsa, amma lambobin ne suka fi ban mamaki. Kafin Disamba ta ƙare, bayan an zauna an daidaita lissafi, Ministar Kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala ta ce abin da ya rage ba a warware ba dala biliyan 10.8 ne, Sanusi ya ce a'a, biliyan 12. A farkon Fabrairun 2014 ya koma gaban kwamitin kuɗi na Majalisar Dattawa ya ce biliyan 20. Bayan shekara guda kamfanin binciken kuɗi na PwC ya ce aƙalla biliyan 1.48 ya kamata a maido. NNPC kuwa tun farko har ƙarshe bakinsa ɗaya: babu ko kwabo da ya ɓata.

Duk waɗannan mutane gwamnati ɗaya suke yi wa aiki. Man ɗaya ne, watannin su ne dai 19 ɗin. Ba za a warware a nan ko an yi sata ko ba a yi ba, wannan aikin kotu ne. Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne yadda aka yi ƙasa ta kasa samun littafi guda da Babban Banki, da Ma'aikatar Kuɗi, da majalisa, da ɗan jarida za su buɗe su ga lamba iri ɗaya.

Yadda ganga ke zama kuɗi

Sai an fahimci hanyar da kuɗin ke bi kafin a gane inda rikicin ya samo asali. A wancan lokaci NNPC, wanda aka kafa a 1977, ba mai guda yake sayarwa ba ta fuskar lissafi, ko da kuwa jirgi ɗaya ne ya ɗauka. Akwai kason gwamnatin tarayya daga rijiyoyin haɗin gwiwa da manyan kamfanoni irin su Shell da Chevron da ExxonMobil. Akwai man da kamfanoni ke biyan haraji da shi maimakon tsabar kuɗi, wanda NNPC ke sayarwa a madadin hukumar tara haraji ta FIRS. Akwai wanda ake biyan haƙƙin ƙasa da shi, wato abin da kamfani ke biyan gwamnati kan man da ya haƙo, kuɗinsa na zuwa asusun DPR, hukumar da ke sa ido kan harkar mai a wancan zamani. Akwai man cikin gida da ake ware wa matatu. Akwai na reshen NNPC mai haƙo mai, wato NPDC. Sannan akwai man da ake biyan bashin da aka ciyo don gudanar da wasu rijiyoyi. Kowane kaso da asusunsa, da lokacin biyansa, da takardarsa.

Nan ne lambar farko ta Sanusi ta yi tuntuɓe. Bankin ya ga adadin gangunan da suka fita daga takardun masu duba kaya kafin lodi, ya kuma ga abin da ya shigo da sunan NNPC. Abin da bai haɗa ba shi ne biliyoyin da suka shiga asusun FIRS da na DPR, waɗanda su ma daga wannan man suka fito. Da aka zauna, sai aka gano wajen dala biliyan 15 sun shiga ta hannun FIRS, wajen biliyan 2 ta hannun DPR, ga kuma wani kaso na man cikin gida da aka biya da naira. Sanusi ya amince a gaban majalisa cewa lambar farko ta yi yawa.

Masu adawa da shi sun riƙe wannan gam, suka ce mutumin da ya yi kuskuren biliyan 30 ba abin saurare ba ne. A ganina kuskuren ya fi tona asirin tsarin fiye da yadda ya tona na mai wasiƙar. Babban Banki shi ne ma'ajin gwamnati, asusun FIRS da na DPR duk a wurinsa suke. Idan har gwamnan wannan banki zai kwashe watanni yana kallon kuɗi na shigowa ba tare da ya iya cewa wannan dala ta jirgi kaza ce ba, to ina ga kwamishinan kuɗi na jiha da ke zuwa Abuja duk wata karɓar kason jiharsa? Ina ga ɗan jarida? Ba wanda ya ɓoye wa Sanusi waɗannan biliyoyi da gangan. Kawai dai babu wani wuri da aka taɓa jera lodin mai da biyan kuɗinsa layi-layi, kowace ganga da inda kuɗinta ya sauka.

Biliyan 20 ɗin da suka rage

Lambar da Sanusi ya kai wa kwamitin kuɗi na Majalisar Dattawa, ƙarƙashin Sanata Ahmed Maƙarfi, a Fabrairun 2014 ta fi ta farko tsari nesa ba kusa ba. Jimillar man da aka yi lodi, dala biliyan 67. Abin da aka tabbatar ya shigo, biliyan 47. Gibin biliyan 20 ya kasu uku: biliyan 12 daga man cikin gida, biliyan 6 na NPDC, biliyan 2 na biyan masu ba da rance. NNPC bai musa cewa kuɗin ba su shiga Asusun Tarayya ba. Abin da ya ce shi ne ba su ɓata ba, kashe su aka yi, kuma bisa ƙa'ida.

Man cikin gida shi ne babban ramin. A wancan lokaci gwamnati na ware wa NNPC ganga 445,000 a kullum, adadin da aka ɗauko daga ƙarfin matatun Fatakwal da Warri da Kaduna in suna aiki gaba ɗaya. Matatun kuwa sun daɗe ba sa cin ko rabin wannan. Ragowar man, wani NNPC ya sayar a waje, wani ya ba 'yan kasuwa su kawo masa tataccen fetur da kananzir a madadinsa. Yana da kwana 90 kafin ya biya Asusun Tarayya. Kafin ya biya kuma sai ya cire abin da ya ce ya kashe: tallafin fetur, tallafin kananzir, gyaran bututu, man da ɓarayi suka sace a bututu, kuɗin ajiyar mai na ko-ta-kwana. Abin da ya rage shi yake kawowa teburin rabo. A cikin watannin 19, man cikin gida ya kai dala biliyan 28, aka kawo 16.

Kamar dillali ne da ka ba shi kaya ya sayar maka, ya dawo ya ce ga cinikin bayan ya cire kuɗin mota da na dako da na asarar hanya, rasit ɗin duka a aljihunsa, littafin ma shi ya rubuta. Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Amma ba ka da hanyar sani, shi ma ba shi da hanyar wanke kansa.

Batun kananzir ya fi sauran sauƙin gani da ido, domin kowa ya san yadda ake sayensa a wancan lokaci. Farashin gwamnati naira 50 ne lita. Mai neman sa a wannan farashi sai ya kwana a layi a 'yan gidajen man NNPC ƙalilan, da jarka a hannu, sau da yawa ya koma gida haka nan. Mafi yawan jama'a sama da naira 100 suke saye, wani wurin ma ninki uku na farashin gwamnati. Amma a littafin NNPC ana cire bambancin farashi kan kowace lita kamar ta isa hannun talaka a naira 50. Sanusi ya fito da takardar da ke nuna cewa tun 2009 Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ba da umarnin a cire tallafin kananzir. Ɓangaren ma'aikatar mai ya amsa cewa umarnin bai shiga jaridar gwamnati ba, don haka bai zama doka ba. Ma'aikatar Kuɗi ta ce ita dai ba ta sa tallafin kananzir a kasafi ba. Ga kuɗi na biliyoyin dala ana kashewa, majalisa ba ta amince ba, kasafi bai san da su ba, mai saye a kasuwa bai ji sauƙinsu ba, kuma babu inda aka taɓa buga sunayen 'yan kasuwar da ake ba wa kananzir ɗin a farashi mai rahusa da yawan litar da kowa ya karɓa. Da an riƙa buga wannan jerin sunaye duk wata, da ba a buƙaci gwamnan banki ya ɗaga murya ba. Masu sayar da kananzir a bakin titi ma da sun warware lissafin.

Na NPDC kuma wani salo ne. Tsakanin 2010 da 2012, lokacin da Shell da abokan haɗin gwiwarsa suka sayar da kasonsu a wasu rijiyoyin Neja Delta, NNPC ya miƙa kashi 55 na gwamnati a rijiyoyi takwas ga reshensa NPDC. Shi kuma NPDC ya ƙulla yarjejeniya da kamfanoni masu zaman kansu, Atlantic Energy da Seven Energy, su sa kuɗin aiki su ɗebi mai. Daga ranar da aka yi wannan miƙawa, man da a da ake lissafa shi a matsayin na tarayya ya koma na kamfani, abin da tarayya za ta samu sai haraji da haƙƙin ƙasa da ribar da aka ga damar bayyanawa. An yi wa kadarorin ƙima a kan dala biliyan 1.85, NPDC ya biya miliyan 100 kacal. Yarjejeniyoyin kansu ba a buga su ga jama'a ba a lokacin da aka sa hannu.

A ƙarƙashin duk wannan, a lokacin akwai dokoki biyu da ke karo da juna. Sashe na 162 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce duk kuɗin shigar da gwamnatin tarayya ta tara su shiga Asusun Tarayya, daga nan a raba tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi. Dokar da ta kafa NNPC kuma ta ba shi damar riƙe asusu ya biya hidimominsa daga ciki. Lauyoyi na iya shekara suna jayayya kan wanne ya fi ƙarfi. Abin da ba ya buƙatar lauya shi ne, duk dalar da aka cire tun daga tushe, jihohi 36 da ƙananan hukumomi 774 sun yi asarar kasonsu a cikinta ba tare da an nuna musu takarda ba.

Kayan aikin da ake da su

Wani zai ɗauka Najeriya ba ta da dokokin bayyana bayanai a lokacin. Tana da su, har ma ana yaba mata a duniya a kansu. Tun 2003 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta shiga shirin duniya na bayyana kuɗaɗen ma'adinai, aka kafa NEITI, hukumar da ke gudanar da shirin a Najeriya, a 2007 kuma aka ba ta doka tata. Binciken NEITI na farko, wanda ya duba 1999 zuwa 2004, shi ne karo na farko da aka ajiye abin da kamfanoni suka ce sun biya kusa da abin da gwamnati ta ce ta karɓa. Shi ne kuma ya fara jaddada wani abu mai ban kunya: ƙasar ta san adadin man da ake lodi a tashoshin fitarwa, amma ba ta da sahihin awo nata na abin da ke fitowa daga bakin rijiya. Sai abin da kamfanoni suka faɗa.

Matsalar NEITI ita ce jinkiri. A lokacin da ake wannan rikici, rahotonta na ƙarshe ya tsaya ne a 2011. Na shekarar 2013 sai a 2016 ya fito, bayan gwamnati ta canza, ministoci sun tafi, shugabannin NNPC sun sauya. Rahotannin na da kauri da inganci, sun ambaci yawancin abubuwan da Sanusi ya ambata, wasu ma kafin ya ambata. Amma bayanin da ya zo bayan shekara uku ya fi amfani ga mai rubuta tarihi. Kuma NEITI na iya bankaɗowa ne kawai, ba ta da ikon tilasta wa kowa ya biya.

Sai dokar 'yancin samun bayanai, wadda Jonathan da kansa ya sa wa hannu a watan Mayun 2011 bayan ta shafe fiye da shekara goma tana yawo a majalisa. Dokar ta ce duk ɗan ƙasa na iya neman bayani daga hukumar gwamnati, a ba shi amsa cikin kwana 7, ba sai ya faɗi dalilinsa ba. NNPC ya sha mayar wa 'yan jarida da lauyoyi amsar cewa dokar ba ta hau kansa ba. Wanda bai gamsu ba sai ya tafi kotu, ya biya lauya, ya jira. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Kuma ba wannan ne karo na farko da aka ga illar haka ba. A Janairun 2012, da aka cire tallafin fetur, lita ta tashi daga naira 65 zuwa 141, jama'a suka fito kan titi har aka dawo da ita 97. Kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Faruk Lawan ya zauna, ana nunawa kai tsaye a talabijin, 'yan ƙasa suka ga hukumomi suna zuwa ɗaya bayan ɗaya kowacce da lambarta kan abin da aka kashe a tallafin 2011. Kasafi ya ware naira biliyan 245, kwamitin ya ƙare da sama da tiriliyan 2.5. Ko yawan fetur ɗin da ƙasar ke sha a rana an kasa haɗa baki a kai. (Shi kansa shugaban kwamitin daga baya kotu ta ɗaure shi kan karɓar cin hanci daga wani ɗan kasuwar mai da ake bincika, abin da ya rage wa rahoton daraja a idon jama'a duk da cewa lambobin cikinsa ba su canza ba.) Wato watannin da wasiƙar Sanusi ta duba sun fara ne daidai lokacin da ƙasar ke tsakiyar wancan bincike, kuma aka ci gaba da cire kuɗi daga tushe kamar ba a yi komai ba.

Dakatarwa, sannan bincike

Ranar 20 ga Fabrairu, 2014, Sanusi na Yamai wurin taron gwamnonin manyan bankuna, fadar shugaban ƙasa ta sanar da dakatar da shi bisa zargin sakaci da kuɗin bankin. Gwamnati ta ce abin ba shi da alaƙa da batun mai. Mutane da yawa ba su yarda ba. Ko ma mene ne, daga ranar muhawarar ta bar kan ganga da dala ta koma kan mutum: ɗan adawa ne ko mai kishin ƙasa, waye ya fitar da wasiƙar, me yake nema. Wannan ma sakamakon rashin bayanai ne. Inda babu takardar da kowa zai duba, abin da ya rage shi ne ka zaɓi wanda za ka gaskata, kuma a shekarar da ake tunkarar zaɓe kowa ya san yadda ake irin wannan zaɓi. A watan Yuni Sanusi ya zama Sarkin Kano. Kwamitin Maƙarfi ya kammala da cewa babu biliyan 49.8 da suka ɓata, ya umarci a maido wasu ɗaruruwan miliyoyin dala, ya kuma goyi bayan a yi cikakken bincike.

Ofishin Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya ya ɗauko PwC. An miƙa wa shugaban ƙasa rahoton a farkon Fabrairun 2015, aka karanta wa 'yan jarida taƙaitaccen bayani, kanun labarai suka ɗauki lamba ɗaya: biliyan 1.48. NNPC ya ce an wanke shi. Cikakken rahoton kuwa aka riƙe shi. Aka yi zaɓe ranar 28 ga Maris, Jonathan ya faɗi, Muhammadu Buhari ya ce zai sake duba batun, sai ranar 27 ga Afrilu aka saki rahoton gaba ɗaya.

Wanda ya karanta shi ya ga abin da taƙaitawar ba ta nuna ba. PwC ya ce jimillar man ma ba biliyan 67 ba ce, 69.34 ce. Abin da aka shigar kuma 50.81 ne, ba 47 ba. Lambobi biyun da aka ɗauka kowa ya amince da su a gaban majalisa, duka biyu ba daidai ba ne. Gibin ya kama biliyan 18.53, bai yi nisa da 20 ɗin Sanusi ba. Bambancin shi ne PwC ya jera inda NNPC ya ce kuɗin sun tafi: biliyan 5.32 tallafin fetur, 3.38 tallafin kananzir, 5.11 na NPDC, sauran kuma rance da hidimomi iri-iri. Biliyan 1.48 ɗin shi ne abin da ko an karɓi bayanin NNPC bai tsaya da ƙafarsa ba. Ko ya halatta a kashe ragowar ba tare da izinin majalisa ba, wannan rahoton ya bar wa masana doka, sai dai ya ce yadda NNPC ke fassara dokarsa tamkar an ba shi cek ne da ba a rubuta adadi ba, kuma hakan ba zai ɗore ba.

Shafukan farko na rahoton su ne suka fi dacewa da wannan nazari. PwC ya rubuta ƙarara cewa aikin da ya yi ba cikakken binciken kuɗi ba ne bisa ƙa'idojin da aka sani, don haka ba ya ba da tabbaci kan lambobin. Ya ce bai samu damar ganin cikakkun littattafan NPDC ba. Ya ce bayanan asusun da ya buƙata daga Babban Banki bai same su kai tsaye ba, ya dogara da abin da NNPC ya ba shi. Kamfanin da shugaban ƙasa ya amince a ɗauko, da izinin Babban Mai Binciken Kuɗi a hannunsa, shi ma a bakin ƙofa ya tsaya. Lambar da aka yi ta yaɗawa a matsayin hukuncin ƙarshe an gina ta ne, akasari, da takardun wanda ake bincika.

Abin da ya canza

Ba za a ce rikicin ya tafi a banza ba. A ƙarshen 2015, ƙarƙashin shugabansa na lokacin, Ibe Kachikwu, NNPC ya fara buga rahoton kuɗi da ayyuka na wata-wata a shafinsa na intanet: nawa aka haƙo, nawa aka sayar, nawa matatu suka tace, nawa aka kai Asusun Tarayya, wane reshe ya yi riba, wanne ya yi asara. A Yunin 2020, ƙarƙashin shugabancin Mele Kyari, kamfanin ya buga asusunsa da masu bincike suka tantance, karo na farko cikin shekara 43. Asusun 2018 ya nuna asarar naira biliyan 803. A nan ne jama'a suka ga da idonsu cewa matatar Kaduna ta kashe biliyoyin naira a shekarar ba tare da kuɗin shiga daga tace mai ba. Wannan magana ce da kowa ke yi a baki shekara da shekaru, amma ganin ta a rubuce da sa hannun daraktoci wani abu ne daban. NEITI ta buɗe rajistar ainihin masu kamfanonin mai da ma'adinai a Disambar 2019, ta kuma rage jinkirin rahotanninta. Dokar masana'antar mai ta 2021 ta raba DPR gida biyu, ta mayar da NNPC kamfani mai rajista, ta kuma tanadi a bayyana yarjejeniyoyin haƙar mai.

Sai dai yawancin abin da NNPC ya riƙa bugawa ganin dama ne na shugabanni, kuma abin da ganin dama ya kawo, ganin dama na iya ɗaukewa. Rahoton wata-wata ya yi shiru na shekaru, daidai lokacin da aka fi buƙatarsa, ya dawo a 2025 a taƙaice. A 2022, shekarar da gangar mai ta haura dala 100, NNPC ya shafe watanni bai kai komai teburin rabo ba, ya ce tallafin fetur ya cinye. A Satumbar shekarar, shugaban hukumar kwastam na lokacin, Hameed Ali, ya tsaya gaban kwamitin Majalisar Wakilai yana tambaya: in ƙasar na shan lita miliyan 60 a rana, me ya sa ake barin miliyan 98 su fita daga defo? In kuma an ce fasa-ƙwauri ne, tankoki nawa ke nan a kullum, ta wace hanya suke bi? Shekara goma bayan kwamitin Faruk Lawan, hukumomi biyu na gwamnati ɗaya suna musu a bainar jama'a kan adadin fetur ɗin da ake sha.

Bayanin da zai kashe irin wannan musu ba mai wuyar samu ba ne, kuma ba sirrin kasuwanci ba ne, tunda mai saye da mai jirgi da mai inshora duk sun san shi. Kowane jirgi da ya yi lodi: ranar lodi, tasha, yawan ganga, sunan mai saye, farashi, ranar biya, asusun da kuɗin suka shiga. Kowane abin da aka cire kafin rabo: nawa ne, na mene ne, wane layin kasafi ya ba da izini. Ghana, wadda ta fara haƙo mai a 2010, ta sa irin wannan a dokarta ta 2011: dole ministan kuɗi ya buga abin da aka samu daga mai duk wata uku a jaridar gwamnati da jaridun ƙasa, ga kuma kwamitin 'yan ƙasa, PIAC, da ke fitar da rahoto sau biyu a shekara. Ghana ma na da rigingimunta kan yadda ake kashe kuɗin, amma kan kashewar ake rigima, ba kan ko jirgi ya tashi ba.

A 2025 kwamitin binciken asusun gwamnati na Majalisar Dattawa ya sake kiran NNPC, wannan karon kan naira tiriliyan 210 da ya ce suna buƙatar bayani a asusun kamfanin na 2017 zuwa 2023, kusan rabi kuɗaɗen da aka ce ana bin kamfanin ne, rabi kuma waɗanda yake bi. Kanun labarai suka sake cewa kuɗi sun ɓata, kamfanin ya sake cewa ba a fahimci lissafin ba. Bambancin wannan karon shi ne ba wasiƙar sirri ce ta haifar da tambayar ba. Sanatocin sun ɗauko lambobin ne daga asusun da kamfanin ya buga da kansa, kuma duk akantan da ke da intanet na iya sauke takardun ya duba shafin da suke magana a kai. Takardun da ke bayan waɗannan lambobi, wa ake bi, wa ke bi, na wane aiki, su ne kwamitin ya shafe watanni yana aika wa kamfanin takarda yana nema.